Wat Biyar Daga Faru Zuwa Turai: Yadda Ake Shiga Gasar Rediyon Morse da Ƙaramar Wuta

Cajar ƙaramar waya da ake sayarwa a kasuwar Talata Mafara tana fitar da wuta kimanin wat 5. Da wannan 'yar wuta ce wasu masu sha'awar rediyo a sassan duniya suke aika saƙo ya ƙetare hamada da teku, ba tare da layin waya ko data ko turken kamfanin sadarwa ba. Abin bai tsaya nan ba, har gasa suke yi a kai, a ga wanda zai fi tuntuɓar ƙasashe da yawa cikin kwana biyu.

Mutanen Faru da Maradun da Bakura sun san abin da ake nufi da yankewar sadarwa. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wasu ƙananan hukumomi kuma suka yi makonni masu yawa a haka. A lokacin ne mutane da dama suka gane cewa wayar da ke aljihunsu ba ta da wani ƙarfi nata, da turke take taƙama. Rediyon da ake magana a kansa a nan shi ne ke ɗaukar saƙonsa da kansa.

Mene ne rediyon sha'awa, mene ne QRP?

Rediyon sha'awa wani fanni ne da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ware wa mutane masu lasisi domin koyo da gwaji da sada zumunci, ba don kasuwanci ba. Kowane mai lasisi yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Ghana da 9G.

QRP kuwa ɗaya ce daga cikin gajerun alamomin da masu tangaraho suka gada, asalin ma'anarta a rage ƙarfin wuta. A yau idan aka ce tashar QRP, ana nufin wadda ba ta wuce wat 5 ba. Masu son ƙure kansu suna sauka ƙasa da wat 1, su ake kira QRPp. Don a gane tazarar, a manyan gasa akwai rukunin masu wat 100, akwai kuma na masu wat 1,500.

Yaren da ake bugawa

Samuel Morse da Alfred Vail ne suka fito da tsarin haruffan a Amurka, aka aika saƙon farko tsakanin Washington da Baltimore ranar 24 ga Mayu, 1844. Kowane harafi haɗi ne na gajeren sauti da dogo. Harafin E gajere ne guda ɗaya, T dogo ne guda ɗaya, A kuma gajere sannan dogo. Dogon sauti yana ɗaukar tsawon gajeru uku.

Wannan abu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tangarahon da Turawan mulkin mallaka suka ja wa wayoyi a Arewa a farkon ƙarni na 20 da irin waɗannan haruffa yake aiki. Har gobe ana cewa gidan waya, ana kuma cewa a buga waya, alhali babu abin da ake bugawa a wayar zamani.

Manyan jiragen ruwa sun bar dogaro da Morse a 1999, a 2003 kuma ITU ta janye sharaɗin sai mutum ya iya shi kafin a ba shi lasisin gajeren zango. Duk da haka masu rediyon sha'awa ba su sake shi ba, kuma dalilinsu na kimiyya ne. Muryar mutum tana cin faɗin zango kimanin haz 2,400, shi kuwa sautin Morse, wanda suke kira CW, bai fi haz 150 ba. Wutar da murya ke bazawa a fili mai faɗi, Morse yana tara ta wuri guda. Mai saurare kuma yana iya matse matacin rediyonsa ya zubar da mafi yawan hayaniya, ya bar ɗan siririn sautin da yake nema. Shi ya sa inda murya ta nutse, Morse yakan fito.

Yaya wat 5 ke kaiwa Turai?

Duk wanda ya taso yana jin sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus a kan mita 16 ko 19 ko 25 ya riga ya ga wannan aiki. A can sama, tsakanin kilomita 150 zuwa 400 ko fiye, akwai wani rufin iska da hasken rana ke caja, sunansa ayonosfiya. Idan saƙon gajeren zango ya doke shi, sai ya tanƙwaro ƙasa a wani wuri mai nisa. Tsalle ɗaya yana iya kaiwa kusan kilomita 4,000. Daga Zamfara zuwa kudancin Faransa ko Italiya ko Sifen bai kai haka ba, ke nan tsalle ɗaya ko biyu ya isa.

Lissafin ƙarfi ma yana bayan mai ƙaramar wuta. Wat 100 ya ninka wat 5 sau ashirin, amma a ma'aunin da kunne da rediyo ke bi, bambancin desibel 13 ne, wato kimanin mataki biyu a kan ma'aunin ƙarfin sigina mai mataki tara. Idan ana jin mai wat 100 a mataki na 8, za a ji mai wat 5 a wajen mataki na 6. An ji shi, kuma abin da gasa ke buƙata ke nan.

Rana ita ce uwar tafiya. Ƙarfinta yana hawa yana sauka duk bayan shekara 11 ko kusa da haka, kuma a watan Oktoba na 2024 masana a Amurka suka sanar cewa zagayen da ake ciki ya kai ƙololuwarsa. A irin waɗannan shekaru, mita 10 da mita 15 sukan buɗe sosai da rana, su ne kuma gonar mai ƙaramar wuta.

Yadda gasar take

Babbar gasar Morse a duniya ita ce CQ World Wide, wadda aka fara a 1948. Ana yin ta a cikakken ƙarshen mako na ƙarshen watan Nuwamba, awa 48 cur. Tana farawa da ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 1 na daren Juma'a wayewar Asabar agogon Nijeriya da Nijar. Ana fafatawa a kan mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10.

Ba a hira a cikinta. Tasha ta yi kira, wata ta amsa da lambarta, kowa ya aika rahoton yadda yake jin ɗan'uwansa da lambar shiyyarsa, shi ke nan. An raba duniya shiyya 40, Nijeriya da Nijar suna shiyya ta 35, Jamus ta 14, Italiya ta 15, Japan ta 25. Mai tasha a Faru zai aika 599 35. Don a rage lokaci, akan buga harafin N a madadin lamba 9, sai saƙon ya zama 5NN. A nan akwai ɗan tarko ga ɗan Nijeriya, domin lambar kiransa ma da 5N take farawa, saboda haka sai ya bar sarari sosai tsakanin lambarsa da rahoto kada a cakuɗa su. Duk musayar ba ta wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin.

Wajen maki ne Afirka ta Yamma ke da gata. Tuntuɓar wata nahiya maki 3 ne, tuntuɓar wata ƙasa a nahiya ɗaya maki 1. Bature a Jamus da ya yi magana da na Faransa maki 1 ya samu, amma duk Baturen da tashar Zamfara ta kama maki 3 ne, ga su kuma dubbai a arewa da ita. Daga nan sai a ninka jimillar maki da yawan shiyyoyi da ƙasashen da aka samu a kowane zango. A misali, wanda ya tuntuɓi tasha 200 a wajen Afirka yana da maki 600. Idan ya haɗa shiyya 15 da ƙasa 50, sai a ninka 600 da 65, ya tashi da 39,000.

Wannan gata ne ya sa gwanayen gasa ke yin takanas zuwa Maroko da tsibiran Kanari da Kef Bade. Wata tawagar 'yan Ingila da Amurka mai suna VooDoo Contest Group ta shekara da shekaru tana zagaya Afirka ta Yamma don wannan gasa, a farkon shekarun 2000 kuma ta yi aiki daga Yamai da lambar 5U5Z. Su da manyan injuna suka zo. Abin lura shi ne, albarkar wurin da suka biyo tana nan ga ɗan gida, ko da wat 5 gare shi. Tun da tashoshin 5N ba su da yawa, kowa na neman su don ninkin maki, kuma mai nema yakan kasa kunne da kyau.

Akwai wasu gasannin: ta ƙungiyar ARRL a watan Fabrairu, inda ake tuntuɓar Amurka da Kanada kawai, da CQ WPX a ƙarshen Mayu, da ta ƙungiyar IARU a watan Yuli. Duk suna da rukunin QRP.

Kayan aiki

Akwai rediyoyin da aka gama haɗawa irin su Yaesu FT-817 da Icom IC-705 da Elecraft KX2, sai dai suna da tsada. Hanya mai sauƙi ita ce a sayi wanda mutum zai harhaɗa da hannunsa. Sananne a ciki shi ne QCX na kamfanin QRP Labs, wanda Hans Summers ya fitar a 2017 a kan dala 49. Zango ɗaya yake kamawa, Morse kaɗai yake yi. Mai gyaran rediyo ko waya da ya saba da liƙin darma zai iya haɗa shi, haka ma ɗalibin fasaha a Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara.

Eriya ita ce rabin tashar. Mafi sauƙi ita ce wayar tagulla guda biyu da aka miƙe hagu da dama, kebul ya sauko daga tsakiya. Don mita 20, kowane ɓangare kimanin mita 5 ne, don mita 40 kuma kimanin mita 10. Kebul ɗin da ake ja wa dish yana iya yin aikin. A ɗaga ta sama iyakar iko, a kan gora ko dogon darbejiya, a shimfiɗa ta gabas da yamma don ta fuskanci arewa, inda Turai take. Kada a kusanta ta da wayar wutar lantarki ko kaɗan.

Wuta ba matsala ba ce. Batir mai bolt 12 da ƙarfin 7Ah, idan rediyon na jan kimanin miliyam 300 a matsakaici, zai kai kusan awa 20, ƙaramin faifan sola kuma ya mayar da abin da aka ci. Ƙauye ma ya fi birni a nan, domin janareta da inbata da ƙwan fitila masu araha su ne ke cika gajeren zango da ƙara. Ƙarshen Nuwamba ya faɗo cikin hunturu, tsawar damina ta wuce, amma ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara caji a jikin eriya, don haka a yi mata hanyar sauke shi ƙasa, a kuma cire ta daga rediyo idan an tashi.

Dabarun mai ƙaramar wuta

Mai wat 5 ba ya kafa shago ya jira ciniki, talla yake fita. Yana bin zango a hankali, ya nemo masu kira da ƙarfi, ya amsa musu. Manyan tashoshi suna da manyan eriya, su suka fi jin ƙaramin sauti. Idan ya tarar da cinkoso, sai ya rubuta wurin ya wuce, ya dawo daga baya. Ranar Lahadi takan fi daɗi, lokacin da manya sun gama da junansu suna neman sababbin lambobi ido rufe. Lambar kira sau ɗaya ake bugawa, a fili, ba tare da ƙarin komai ba.

Bayan gasa ana tura kundin tuntuɓa ta intanet, kwamfuta ta gwada shi da na sauran. Lambar da aka rubuta ba daidai ba, za a cire makinta a kuma ƙara da tara. Manhajar N1MM Logger+ kyauta ce, ita mafi yawan masu gasa ke amfani da ita.

Koyon Morse da kunne ake yi, kamar yadda ɗan gidan makaɗa ke gane abin da kalangu ke faɗi ba tare da ya ƙirga bugu ba. Wanda ya haddace jadawali da ido yakan maƙale da an ƙara sauri, gasa kuwa tana gudu a kan kalma 25 zuwa 35 a minti. Shafin LCWO yana koyarwa kyauta, harafi biyu a fara, a riƙa ƙarawa. Minti 15 kullum ya fi awa uku sau ɗaya a mako.

Lasisi kafin komai

Aika saƙo ta rediyo ba tare da lasisin gwamnatin tarayya ba laifi ne. A yanki irin Maradun da Bakura da Talata Mafara, inda jami'an tsaro ke sa ido a kan duk na'urar sadarwa, ganin eriya da injin aika saƙo a gidan mutum babu takarda zai iya jawo masa abin da bai yi zato ba. Mai lasisi ma ya kyautu ya sanar da hakimi ko dagaci da ofishin 'yan sanda na kusa, ya nuna musu takardunsa. Ƙa'idar wannan fanni ta hana ɓoye ma'anar saƙo, ta wajabta faɗin lambar kira, idan kuma hukuma ta ce a yi shiru, shiru ake yi. Ƙungiyar Nigeria Amateur Radio Society, wadda ke wakiltar ƙasar a IARU, ita ce ƙofar da mai neman shiga zai fara ƙwanƙwasawa.

Kafin takarda ta fito, akwai abin yi. Jami'ar Twente da ke Holan tana da rediyon gajeren zango da kowa zai iya murɗawa ta intanet daga wayarsa. A ƙarshen makon gasar, mai karatu ya buɗe shi wajen megahaz 14.000 zuwa 14.070, ya ɗauki biro da takarda, ya gwada kama lambar kira ko da guda ɗaya ce. Mafi yawan gwanayen da yake ji suna gudu, da haka suka fara.