Rukunin Ma'ana a Ƙwaƙwalwa: Misalai daga Hausar Ƙasar Kagara

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan'adam ba ta ajiye sani a warwatse, tana kasa shi ne rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana da zakaransa. An ɗauko misalan ne daga Hausar da ake yi a Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda Hausa take zaune tare da harsunan Kamuku da Pangu.

2.0 Ra'ayoyin Masana

Tulving (1972) ya raba tunawa gida biyu. Akwai tuna abin da ya faru da mutum a wani lokaci, akwai kuma sani na gama-gari, kamar sanin cewa kurciya tana ƙwai, wanda mai shi ba ya tuna ranar da ya koye shi. Kafin nan, Collins da Quillian (1969) sun nuna cewa irin wannan sani hawa-hawa yake: kanari yana ƙarƙashin tsuntsu, tsuntsu yana ƙarƙashin abu mai rai. Sun lura cewa tabbatar da kanari tsuntsu ne ya fi sauri a kan tabbatar da zamansa a rukunin da ke sama da wannan. Sai dai Rosch (1975) ta gano cewa 'ya'yan rukuni ɗaya ba su da daraja ɗaya. Wasu suna tsakiya, wasu suna gefe.

3.0 Misalai daga Hausa

Idan aka ce da Bahaushe ya kawo sunan tsuntsu, kurciya ko shaho za su riga jimina zuwa bakinsa. Kaza kuwa, duk da gashinta da fukafukanta, sai ya yi jim kafin ya amince. Haka "dabba": akuya da saniya ne zakarunta, alhali zaki da kura "namun daji" ne. Ke nan Hausa ta yi amfani da zama kusa da mutum wajen rarrabewa, ba ƙirar jiki kaɗai ba.

Kalmar "hatsi" ta fi fito da batun fili. Gero da dawa ne cibiyarta. Masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, tana biye, shinkafa tana gefe, doya kuwa ba ta shiga ko kaɗan. A ƙasar Kagara, inda ake noman dawa da masara da shinkafa da doya, ana iya tsammanin zakaran rukunin ya bambanta da na Katsina ko Maraɗi, inda gero ya fi rinjaye.

Akwai kuma batun nahawu. Hausa, ɗiyar dangin Cadi, tana kasa suna tilo zuwa namiji da tamace. Harsunan Kamuku da Pangu, na reshen Kainji, suna kasa sunaye aji-aji ta hanyar ɗafa-goshi. Mai jin harsunan biyu yana ɗauke da tsari biyu a kai ɗaya.

4.0 Kammalawa

Wannan batu ya shafi masu ƙamus kai tsaye. Tun daga Bargery (1934) har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006), aikin ƙamus shi ne ba da ma'ana. Ma'anar da ta jera 'ya'yan rukuni ba tare da nuna zakaransu ba, ba ta cika ba. Ya kamata manazarta su fita zuwa garuruwa irin su Kagara da Tegina, su auna wane suna ne yake fara zuwa bakin masu magana.