Matacin Iska Mai Wankuwa: Riba Ko Asara Ga Masu Motocin Gudu A Jos?

JOS — Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, masu motoci a Nijeriya suka shiga neman duk wata dabara da za ta rage musu kuɗin mai da na gyara. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farkon shekarar ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Sakin darajar naira a kasuwa da aka yi a watan Yunin 2023 kuma ya sa kayan gyaran mota da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo.

Ɗaya daga cikin kayayyakin da ake tallata wa masu motocin gudu, irin su BMW da Mercedes da Honda da matasa ke yi wa kwaskwarima a unguwar Kongo-Rasha da sauran sassan Jos ta Arewa, shi ne matacin iska mai wankuwa, wanda kanikawa ke kira filta. Masu sayar da shi suna yin alkawari uku: zai ƙara wa inji ƙarfi, zai rage shan mai, kuma saye ɗaya ya wadatar har ƙarshen rayuwar mota. Kowane ɗaya daga cikin alkawuran nan yana bukatar a auna shi da ma'aunin garin da motar za ta yi aiki a cikinsa.

Aikin mataci a cikin inji

Injin fetur yana ƙona iska fiye da yadda yake ƙona mai. Domin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, ana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. Wato a wuri mai tudu kamar Jos, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iskar da ta kai lita dubu goma. Duk wannan iska sai ta ratsa ta cikin mataci kafin ta isa silinda, kuma duk ƙurar da ta kuɓuce wa mataci a cikin inji za ta sauka.

Matacin da kamfanonin ƙera motoci ke sanyawa na takarda ne mai ninki-ninki, wanda ake cirewa a yar idan ya toshe. Shi kuwa mai wankuwa ana yin sa da yadin auduga mai rara-rara, hawa huɗu ko fiye, a matse shi tsakanin ragar waya, sannan a shafe shi da wani mai na musamman wanda ƙura ke liƙewa a jikinsa. Kamfanin da ya fi shahara da shi shi ne K&N na birnin Riverside a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda Ken Johnson da Norm McDonald suka kafa, ya kuma fara fitar da irin wannan mataci a 1969 saboda masu tseren babura.

Dabarar wanke mataci ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin kanikawan Jos. Tsofaffin Land Rover da Volkswagen Beetle suna da mataci mai kaskon mai a ƙasansa, wanda ake zubar da man, a wanke kaskon, a zuba sabo. Matacin takarda ne ya ture shi, saboda ya fi shi tace ƙura, ya kuma fi sauƙin canzawa.

Alkawarin ƙarin ƙarfi

Gaskiya ne cewa yadin auduga ya fi takarda barin iska ta wuce. Abin dubawa shi ne yawan iskar da takardar take tarewa tun farko. Sabon matacin takarda a cikin akwatin da aka ƙera masa ba ya rage matsin iskar da ke shiga inji da fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, ko da an take totur har ƙasa. Saboda haka ko cire matacin aka yi gaba ɗaya, ƙarin ƙarfin da za a samu ba zai wuce wannan ba. A injin mai ƙarfin doki 200, ana maganar doki biyu zuwa huɗu ne, abin da na'urar gwaji ke iya gani amma direba ba ya ji a jikinsa.

Bugu da ƙari, wannan ɗan ƙari ba ya samuwa sai an buɗe totur gaba ɗaya kuma inji yana juyi da iyakar saurinsa. A tafiyar cikin gari, daga Kongo-Rasha zuwa Terminus ko kan titin Bauchi, murfin totur ne da kansa yake tare mafi yawan iskar, domin aikinsa ke nan. Matacin da ke gabansa, na takarda ne ko na auduga, bai da ta cewa a wannan hali. Abin da direba ya fi lura da shi bayan canjin shi ne ƙarar zuƙar iska, wadda kan sa mutum ya ɗauka motar ta ƙara gudu.

Akwai kuma batun tudu. Jos tana bisa kimanin mita 1,200 daga doron teku, inda iska ta fi ta Legas rashin nauyi da kusan kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau. Motar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Kwatano da doki 200, idan ta iso Jos doki 176 ko makamancin haka take bayarwa. Wannan giɓi na doki ashirin da wani abu shi ne kan sa mai mota ya ce injinsa ba ya numfashi, amma babu matacin da zai cike shi, domin iskar garin ce ba ta da kauri.

Wani nau'in da matasa suka fi so shi ne mai siffar mazurari, wanda ake cire akwatin asali a ɗaura shi tsirara a ƙarƙashin bonet. Akwatin asali yana jawo iska mai sanyi daga gaban mota, shi kuwa wannan iskar da inji ya ɗumama yake zuƙa. Duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Selsiyos yana rage kaurin iska da kimanin kashi uku cikin ɗari, wato asarar kan zarce ribar da ake nema. Idan kuma aka sauke shi ƙasa kusa da taya don neman sanyi, yana iya zuƙar ruwa a damina, wadda a Jos kan ɗauki wajen wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ruwan da ya shiga silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take.

Alkawarin rage shan mai

A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge, mallakar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta gwada tasirin toshewar matacin iska a kan shan mai. Sakamakon ya nuna cewa a motocin zamani masu injekta da kwamfuta, toshewar mataci ba ta ƙara shan mai da wani abin a zo a gani ba, sai dai ta rage saurin ɗaukar gudu. Dalili kuwa shi ne kwamfutar motar tana auna iskar da ta shigo, ta saki man da ya yi daidai da ita. Idan mataccen mataci bai ƙara shan mai ba, to mai sakin iska ba zai rage shi ba.

A motoci masu kafireta ne kaɗai binciken ya ga bambanci, inda canza matacin da ya toshe ya rage shan mai da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari. Wannan ya shafi tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa. Ko a nan ma, sabon matacin takarda yana biyan bukata.

Ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a arewacin Nijeriya. A kan wannan ga jar ƙasar hanyoyin da ba su da kwalta, ga kuma tudun ƙasar da haƙar kuza ta bari a sassan Filato. Kaso mai yawa na ƙurar garin yashi ne, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya gauraya da baƙin mai sai ya zama kamar magogi, yana cin ringi da bangon silinda a hankali, har mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai.

Ana gwada ingancin mataci da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 5011, inda ake hura masa ƙura mai sanannen nauyi a auna wadda ta wuce. Matacin takarda mai kyau yakan tare kashi 99 cikin ɗari ko fiye, na auduga kuwa yakan zo ƙasa da haka kaɗan. Bambancin yana kama da ƙarami, amma abin lissafawa shi ne ƙurar da ta wuce. Alal misali, matacin da ke tare kashi 99 yana barin giram ɗaya cikin ɗari, wanda ke tare kashi 97 kuwa yana barin giram uku, ninki uku ke nan. A ƙasar da iska ke da tsabta wannan ba zai dami kowa ba. A Jos cikin watan Janairu, maganar ta shafi tsawon ran inji.

Lissafin kuɗi

Kamfanin K&N ya taɓa cewa matacinsa zai iya yin mil 50,000, kimanin kilomita 80,000, kafin a wanke shi, amma ya gindaya sharaɗin tafiya a kan babbar hanya cikin yanayi na yau da kullum, ya kuma ce a riƙa dubawa akai-akai a wurare masu ƙura. Wankin yana bukatar sabulun ruwa da man shafawa na musamman, waɗanda su ma daga waje ake shigo da su da kuɗin ƙetare.

A ɗauka, don misali, mataci mai wankuwa tare da kayan wankinsa ya kai kuɗin matatan takarda goma, mai mota kuma yana canza na takarda sau biyu a shekara. Sai bayan shekara biyar kuɗinsa zai dawo, idan motar tana hannunsa har lokacin. Hauhawar farashi, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, tana goyon bayan saye tun yanzu, tun da na takarda zai ci gaba da tsada. Amma kuɗin da aka ɗaure a kaya ɗaya na shekara biyar shi ma yana da tsadarsa, musamman ga mai juya kuɗi a kasuwa. A Nuwambar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Idan aka haɗa biyun, ribar da ta rage 'yar kaɗan ce, kuma gyaran inji sau ɗaya ya isa ya haɗiye ta har ya nemi ƙari.

Har ila yau, lissafin ya ginu ne a kan cewa za a yi wankin yadda ya kamata. Wanke audugar da fetur, ko hura ta da iskar kwamfaresa kamar yadda aka saba yi wa ta takarda a gareji, yana buɗe ƙofofinta ƙura ta samu hanya. Shafa mata baƙin mai a madadin nata man ba ya aiki. Idan man ya yi kaɗan ba ta tace komai, idan ya yi yawa kuma yana iya ɓata na'urar auna iska da ke bayan mataci. A 2004 kamfanin General Motors ya gargaɗi dillalansa game da matsalolin da mataci mai yawan mai ke jawowa, ko da yake K&N ya musanta cewa mansa yana lalata na'urar. Ga kuma jabu: wanda zai saya a Dilimi ko wata kasuwar kayan gyara yana bukatar tabbatar da asalin kayan, domin jan yadi da ragar waya ba su da wuyar kwaikwayo.

Wa ya dace da shi?

Matacin auduga yana da gurbinsa. Motar da aka keɓe don tsere, wadda aka faɗaɗa mata hanyar iska da salansa, aka sake saita kwamfutarta, kuma ake kwance injinta lokaci-lokaci, tana amfana da kowane doki ɗaya da aka ƙara mata. Haka ma wanda ke da motar da matacinta na asali ke da wuyar samu a kasuwar Jos, muddin zai bar shi cikin akwatin asali, ya tanadi kayan wankinsa, ya kuma riƙa duba bututun da ke bayansa ko ƙura ta kwanta a ciki.

Ga sauran masu motoci, waɗanda motar gudun tasu ita ce ta zuwa aiki da kasuwa da ɗaurin aure, matacin takarda na asali ya fi araha idan aka yi lissafin shekaru. Abin da ake bukata shi ne a duba shi a farkon hunturu da ƙarshensa, a canza shi da zarar ya toshe maimakon a yi ta hura shi, a kuma tabbatar murfin akwatin ya kama da kyau, domin ƙurar da ke bi ta gefen murfin da bai rufu ba ta fi wadda ke ratsa kowane irin mataci yawa.