Shin ƙin sa robar abinci kisa ne?

Da zarar likita ya ba da shawarar kada a sa wa tsohuwa robar abinci, kafin magariba zance ya zagaye dangi: wai an bar Hajiya da yunwa. A cikin ji-ta-ji-tar da ke bin cutar mantuwa idan ta yi nisa, babu mai raba kan 'yan'uwa kamar wannan.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce cutar da kanta tana kai mutum ga ajali. A 2009, Dakta Susan Mitchell da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi kan tsofaffi 323 da cutar ta yi musu nisa a gidajen jinya na yankin Boston, Amurka. Cikin wata 18 fiye da rabinsu sun rasu, kuma kusan kashi 86 cikin ɗari sun sami matsalar cin abinci. Ƙwaƙwalwa ce ke kasa sarrafa haɗiya, shi ya sa tsoho ke yawan ƙwarewa.

To, robar ba ta maganin wannan? A nan zancen ya karkace. Bincike bai nuna tana ƙara kwana ba, kuma ba ta hana ciwon huhu, domin yawu da abin da ke tasowa daga ciki suna iya faɗawa huhu ko da roba. Ga shi marar lafiyar bai san amfaninta ba, sai ya riƙa fizge ta, har a kai ga ɗaure masa hannu. Saboda haka Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Amurka ta fifita ciyarwa da hannu a 2014: a zaunar da shi, a ba shi abu mai laushi da cokali, gwargwadon abin da ya karɓa. Aiki ne mai cin lokaci, amma ciyarwa ce.

Masu cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara kwana idan huhu ya kamu suna da gaskiya. Sai dai ba a ga ya ƙara wa marar lafiya sauƙi ba.

Akwai kuma masu ɗaukar ƙin danna ƙirji idan zuciya ta tsaya a matsayin kisa. Kwamitin Dindindin na Fatawa a Saudiyya, a fatawa mai lamba 12086, ya ce ba dole ba ne a yi shi idan ƙwararrun likitoci uku amintattu sun tabbatar ba zai yi amfani ba. Allurar ƙarasa rai, wadda Holan ta halatta tun 2002, ita ce malaman Musulunci suka haramta, kuma dokar Najeriya tana ɗaukarta kisan kai.