Bayan gyaran supap, a auna kamin a sake kwance moter

A garajojin Maradi, Damagaram da Tawa, sau da yawa mai mota yakan komo wurin makanisiye kwana biyu bayan an yi masa aikin kilas. An wasa supap, an sa sabon juwan, an biya kuɗi, amma moter yana rawa, kuma mota ba ta da ƙarfin hawa tudu. Mai mota ya ce aikin ne bai yi kyau ba, makanisiye ya ce segiman ne suka cinye. Gardama ba ta raba wannan shari'a, awo ne ke raba ta.

Ƙarfin moter yana fitowa daga matsi. Idan piston ya hau, yakan matse iska da isansi cikin silinda, supap biyu suna rufe, sannan buji ya ba da wuta. Hanya uku ce matsin ke bi ya tsere: bakin supap, juwan na kilas, ko segiman. Aikin mai gyara shi ne gano wadda ce daga ciki.

Ana awon ne da agogon matsi. A bari moter ya yi zafi, a cire buji duka, a yanke wuta, a taka totur har ƙasa, a tabbata batir na da caji. A ɗaura agogon a ramin buji, a juya moter sau 5 ko 6, a rubuta adadin kowace silinda. Bambanci tsakaninsu shi ne abin dubawa: bai kamata ya zarce wajen kashi 10 cikin 100 ba. Misali, idan uku sun nuna bar 10, ɗaya ta tsaya ga 6, an san inda ciwon yake.

Daga nan sai a zuba man moter cokali guda cikin silindar da ta kasa, a sake awo. Idan allura ta hau sosai, laifin na segiman ne, domin man ya toshe hanyar na ɗan lokaci. Idan ba ta motsa ba, matsalar tana sama. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna juwan ya buɗe tsakaninsu, ko fuskar kilas ta lanƙwashe. Idan duka suka faɗi daidai, sai a duba sarƙa ko bel, watakila an tsallake haƙori wajen mayarwa.

Amma kamin a taɓa noti ɗaya na kilas, wajibi ne a duba ratar supap. Wasawa tana sa supap ya ƙara nutsewa cikin mazauninsa, rata ta ragu. Idan ta ƙare, supap ba ya rufewa sarai. A moter irin na Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, ana daidaita wannan rata da kile da ma'aunin rata, moter yana sanyi, ba tare da an sayi komi ba. Sakaci da ita na da tsada: supap na fitar hayaƙi yana sauke zafinsa ne a kan mazauninsa, wanda bai zauna ba kuwa ƙonewa yake yi, watakila tsakiyar hanyar Agadas.

Idan rata ta yi daidai kuma matsi bai komo ba, a hura iska cikin silinda, piston yana sama, supap suna rufe, a kasa kunne. Huci ta bututun hayaƙi ko ta karbirata laifin supap ne. Kumfa cikin radiyata laifin juwan ne. Sai a lokacin ne kwance kilas ya zama dole. Wajen mayarwa, a ɗaure notuna da kile mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, bisa ƙa'idar masu ƙira.

Mai mota yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa adadin kowace silinda kamin ya karɓi motarsa. Makanisiyen da ya rubuta su kamin aiki da bayan aiki ya tsare mutuncinsa, ya kuma tsare aljihun mai mota.