Baƙin Tabon Da Ke Farawa Daga Ƙafa

Manomin auduga ko masara a tsakanin Funtua da Malumfashi bai cika damuwa da ƙafarsa ba. Kaushi, faso, sukar ƙaya, saran fartanya, duk gadon gona ne. Shi ya sa idan wani baƙin tabo mai ratsin ja ya fito a idon sawu, ba zafi ba ƙaiƙayi, sai a ƙyale shi. Bayan watanni ya zama ƙulli-ƙulli, ƙafa ta kumbura ta yi tauri, takalmi ya daina shiga. Wani ya ce tundurmi ne, wata ta ce, "Malam, ai tsallake ka yi." Sai an kai Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, an yanki ɗan nama an duba, sannan a ji sunanta: sankarar Kaposi.

Moritz Kaposi likitan fata ne a Biyana, shi ya fara bayyana ta a 1872 a jikin wasu dattawa. Daga baya aka ga ta yi yawa a Yuganda da Kwango, galibi a ƙafafun maza. Me ke kawo ta? Aka shekara sama da ɗari ana lalube.

A 1981 ta ɓulla a jikin samari a Amurka, tana cikin alamun farko da aka gane ƙanjamau da su. Aka yi zaton HIV ce ke haddasa ta, amma lissafin ya ƙi fita. A 1990 Valerie Beral da abokan aikinta suka nuna cewa waɗanda suka ɗauki HIV ta hanyar ƙarin jini ba kasafai suke yin wannan sankarar ba, alhali ta yi wa wasu masu HIV ɗin katutu. Ga kuma dattawan Biyana, da suka mutu tun kafin a san ƙanjamau. Ke nan akwai hannu na biyu.

Yuan Chang da mijinta Patrick Moore na Jami'ar Kolambiya suka kamo shi a 1994, da wata dabara da har yau take burge ni. Suka ɗauki ƙwayoyin gado daga tabon, suka ɗauki na lafiyayyen naman mutumin, suka zubar da duk abin da ya zo iri ɗaya. Gutsure biyu suka rage, kuma ba na ɗan Adam ba ne. Na wata sabuwar ƙwayar bairos ne, dangin mai kawo ƙarambau. Ita ce HHV-8.

Aikinta irin na ƙuduji ne a gindin dawa: ta lafe shekara da shekaru, ta manne, sai wuri ya gaji take nuna kanta. Tana shiga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyoyin jini, ta naɗe kamar zobe, ta ɗaure kanta a jikin gadonsu da wani sinadari mai suna LANA, don duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu ta bi kowace. LANA ɗin ne kuma ke danne wani sinadari mai suna p53, wanda aikinsa sa lalatacciyar ƙwaya ta mutu. Wadda ya kamata ta mutu sai ta yi ta hayayyafa, ana kuma jawo mata sababbin hanyoyin jini masu yoyo. Jinin da ya tsiyaya cikin nama shi ke ba tabon launinsa.

Saura tambaya guda. A ƙasashen Afirka da dama mutane da yawa na ɗauke da HHV-8, galibi tun ƙuruciya ta hanyar yawu, to me ya sa ƙalilan ne ke kwanciya? Garkuwar jiki ce ke tsare ta. Idan HIV ta karya garkuwar, ko tsufa ya sassauta ta, sai tabo ya fito.

Abin da ke damuna, binciken ƙasa na 2018 ya sa Katsina cikin jihohi mafi ƙarancin HIV, kashi 0.3 cikin ɗari, don haka ba a cika kawo sankarar Kaposi a rai ba. Duk mai irin wannan tabon ya kamata ya yi gwaji a babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. Maganin HIV kyauta ne, kuma sau da yawa shi kaɗai kan sa tabon ya ja baya idan an fara da wuri. In ya kai baki ko huhu, sai an haɗa da allurar sankara. Dattijon da gwaji ya nuna ba shi da HIV ma yana iya yin wannan sankarar, shi ma a Shika za a duba shi.