DAGA CIBARAKATEN ZUWA IRHAZER: ZAFIN RANA DA GOBARAR DAJI

Cibarakaten wuri ne na duwatsu da rairayi, kusa da iyakar Aljeriya, tafiyar ɗaruruwan kilomita arewa maso gabas da Arlit. Kafin shekarar 2014 ba mai ratsa shi sai matafiya. A wannan shekara aka gano zinariya a can, jim kaɗan bayan ta Jado. Nan da nan dubban mutane suka kwararo daga jihohin Nijar, da Cadi, da Sudan, da Nijeriya.

Babban abokin gaban mai haƙar zinariya shi ne zafi. Daga watan Afrilu har Yuli ma'auni yakan haura digiri 40 a inuwa, wata rana ya kai 45, ga shi kuwa ba itacen da za a fake. Ruwan sha da mota ake kawo shi daga nesa, a sayar a tano ko a bido. Saboda haka masu hankali suka raba yini: a yi aiki da asuba da maraice, da tsakar rana kowa ya shiga rumfa, rawani a ka. Wanda zafi ya buge, alamarsa jiri da ciwon kai da ruɗewa. Sai a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a nemi likita maza. Zafin kuwa ƙaruwa yake yi a ƙasashen Sahel: ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

To, mene ne haɗin wannan wuri da gobarar daji, alhali ba ciyawar da za ta ƙone a cikinsa? Haɗin yana cikin tukunya. Ragon da ake yankawa a Cibarakaten, da naman da ake saye a kasuwannin Arlit da Akokan, garuruwan ma'adinin uraniyum, daga makiyaya suke fitowa. Su kuwa makiyayan, Abzinawa da Fulani da Larabawa, suna kiwo a filayen Irhazer da Tadres da Azawak. Ciyawar da damina ta bari ita ce rumbunsu, da ita dabbobi za su kai wata damina.

Abin mamaki, shekarar da ruwa ya wadata ita ce ta fi hatsari. Ƙarangiya da sauran ciyayi sukan rufe ƙasa ba tsagaitawa. Da kaka ta yi, rana ta busar da su ƙayau, sannan iskar hunturu ta taso. A lokacin nan guntun taba da aka jefo daga kamiyo, ko gawayin shayin da matafiyi ya bari bai binne ba, ya isa ya cinye kiwon wata da watanni cikin yini guda. Yankunan Ingal da Adarbisanat, da Abalak a jihar Tawa, da Bermo a jihar Maraɗi, sun sha ganin wannan masifa. Bayan wuta, ƙasa takan zauna tsirara, zafin bazara ya tarar da dabbobi ba abinci. Makiyayi ya sayar da na sayarwa da arha, ya kora sauran kudu tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba, husuma ta tashi. Bayan ƴan watanni nama ya yi tsada a arewa.

Jama'a ba su zauna sun zuba ido ba. Da ƙarshen damina, ma'aikatan gandun daji da na kiwo sukan haɗa kai da sarakuna da shugabannin rugage, a share dogayen hanyoyi masu faɗi cikin ciyawa, yadda wuta in ta iso za ta rasa abin ci ta mutu. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sukan biya masu sharar ladan aikinsu, ciyawar da aka tara kuma a ajiye ta don bazara. In wuta ta riga ta tashi, maza sukan fito da ɗanyen reshe da jiƙaƙƙen buhu da shebur, su bi ta ta gefe, ba ta inda iska ke tura ta ba. Doka ma ba ta yi shiru ba: dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004 ta tanadi hukunci ga mai cinna wa daji wuta.

Sai dai aikin shara yana da lokaci. In aka jinkirta shi har iska ta kankama, wuta za ta riga masu shara. Ya kamata mahukuntan jihohi da magadan gari su shirya shi tun ciyawa tana ɗanya. Direbobi da masu zuwa neman zinariya, su ma akwai nasu rabon: kada a jefa taba a hanya, kada a tashi daga zango sai an binne wuta da ƙasa. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.