Manhajojin bashi da tonon silili: Ina mutum zai kai kukansa?

Saƙon yakan faɗo wayar suruki, ko ta maigida a wurin aiki, ko ta limamin unguwa: hoton mutum, a ƙasansa an rubuta cewa ɓarawo ne da ya ci bashi ya gudu. Sau da yawa kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma kafin magariba labari ya karaɗe dangi.

Haka wasu manhajojin bayar da bashi ta waya ke yi a Najeriya. Lokacin da mutum ya sauke manhajar, takan nemi izinin ganin lambobin wayarsa da hotunansa. Da ya yi jinkirin biya, sai a mayar da su makami.

Da yawa kunya ke sa su yi gum, su bar wa Allah. Sai dai bashi daban, tona asiri daban. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirri, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC.

A ƙarƙashin dokar, duk wanda aka yi amfani da bayanansa ba bisa ƙa'ida ba na iya kai ƙorafi gaban hukumar. Tana da ikon bincike, ta umarci a biya diyya, ta kuma ci tarar babban kamfani naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓar koke kan waɗannan manhajoji.

Ƙorafi kuwa hujja yake so. Kada mutum ya goge saƙon cikin fushi. Ya ɗauki hotonsa, ya adana lambar da ta turo, da kwanan wata, da sunan manhajar, ya kuma roƙi waɗanda aka tura wa su ajiye nasu. Yana da kyau ya fara rubuta wa kamfanin, ya riƙe kwafi, sannan ya nufi hukumar. Ƙofar kotu ma a buɗe take ga mai neman diyya.

Kai ƙara ba ya yafe bashi, wanda ya ci zai biya. Amma mai bin bashi ba shi da hurumin sayar da mutuncin wanda yake bi.